Mai Tatsar Kyalla

Asabar, bayan magariba

Yau kwana huɗu ke nan Kyalla tana dawowa gida hantsa a yamutse. Na tsuguna, na kwance jakar da nake ɗaure mata don kada ɗanta ya tsotse, na matsa, na matsa, ko cikin cokali ban samu ba. Wani ɓarawo yana tatsar min akuya a bayan gari, kuma don tsabar rainin wayo sai ya mayar da jakar ya ɗaure, wai kada in gane. To na gane. Ni ta dama nake zarge igiyar, wannan kuwa a baibai aka ɗaura ta.

Na tsare 'yata Mawahib. Ita ke kora ta da safe tare da yaran layinmu zuwa kwarin da ke bayan gidajen ƙarshe, inda awakin unguwarmu Umbadda ke kiwo cikin ƙaya da bola. Shekararta tara, amma idonta a tsaye yake. Ta amsa min da Larabci. Na ce ki yi min Hausa, ba a gidan rediyo kike ba. Sai ta ce, “Ban gani ba, Yumma,” wato uwa. Wai ma ita ta daina son madara, baƙin shayi ya fi mata daɗi. Tun yaushe? Yarinyar da take lashe kwano har ya yi ƙara.

Wannan littafin ragowar na makarantar yaron nan ne. Da bokon da Sauda ta koya min nake rubutawa, matar ɗalibin nan na Maraɗi da suka yi haya a ɗakinmu na waje. Ba mai iya karanta shi a layin nan, har Labaran na lajna, kwamitin unguwa, da gilashinsa. Dole in faɗa wa wani abu, in ba haka ba kaina zai tarwatse.

Lahadi, da hantsi

Babu labari.

Litinin, la'asar

A kasuwar Suk Libya yau wata mai sayar da shayi kusa da inda nake ajiye ƙwaryar godogodona, furar da nake sayarwa, ta dube ni ta ce, “Ke Khadiga, zuciyarki dutse ce? Ɗanki ma yana cikinsu, ba mu ga hawayenki ba.” Na ce ta ji da butarta.

Me ta sani? Ɗan fari ne. Uwata har ta koma ga Allah a can Jazira inda muka fito ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, ni ma shekara goma sha takwas ban kira nasa ba, ko a gabansa ko a bayansa. Haka muka tashi. Su Larabawan nan in abu ya same su sai su zauna a tsakiyar titi su zuba ƙasa a ka. Ni ba a koya min haka ba.

Ya gama jarrabawar sakandare, aka ce babu jami'a sai an yi hidimar soja, aka kwashe su zuwa sansani. Ana saura kwanaki Babbar Sallah wani abu ya faru a bakin kogi. Wasu sun ce yara sun nemi a bar su su je gida Sallah aka hana. Wasu sun ce jirgin ruwa ne ya kife. Wasu suna faɗin abin da ba zan rubuta ba. Na je asibiti biyu, na ce ɗan maƙwabciyata nake nema. Sun buɗe min fuskoki na duba. Ba ya ciki.

Kyalla ta dawo babu komai.

Talata, da safe

Labaran ya zo. Shi ne shugaban lajnar unguwa, su ke ba da katin sukari, su ke sa hannu a takardar fili, su ke sanin wa ya kwana a gidan wa. Tare suka yi kiwo da marigayi mijina a Jazira, ƙafa ba takalmi, amma tun da sojoji suka hau mulki ya manta Hausa. In ka yi masa sannu sai ya amsa da Larabcin masallaci.

Ya kira ni da sunan yaron, yadda Larabawa ke yi, uwar wane, da gangan, don ya san ba na so. Ya zauna a kan gadon igiya ba a ce ya zauna ba. Ya ce duk yaron da ya gudu daga sansani ya dawo gida, wajibi ne iyaye su miƙa shi, wanda ya ɓoye kuwa ya yi sallama da katinsa da takardar filinsa. Yana magana yana ƙirga takalman bakin ƙofa da ido. Ya leƙa ɗakin waje wai yana duba tsagewar bango. Daga nan ya tsura min ido ya daɗe.

Na ce, “Malam Labaran, in ka gan shi ka gaya min, ni ma nemansa nake.”

Allah ya isa tsakanina da mutumin nan.

Laraba, bayan azahar

Na doki Mawahib. Na kama ta tana naɗe kisra uku, gurasar dawar nan marar kauri, a cikin ɗankwali, ga gorar ruwa ta cika daga randa. Wai karyar kwari ce ta haihu. Kare! Kisrar da na tsaya a gaban wuta na yi tun asuba, ruwan da mai jaki ke kawo mana da ƙyar, a kai wa najasa. Ba ta yi kuka ba, ta tsaya ƙiƙam ina dukanta har hannuna ya gaji. Da na juya, ta ɗauki kisrar ta fita.

Yaran layin nan duk sun lalace a kwarin nan tun da aka rufe makaranta. Sun yanka jarka biyu sun binne a ƙasa suna zuba ruwa, awaki su sha, karnuka su sha, har shirwa da kurciya suna sauka. Kowane kare da sunansa. Jibrin ɗan maƙwabciyata Fatna in ya yi fito, awaki talatin sai su juyo, nawa ne ma ba sa juyowa in na kira. Suna dawowa jiki duk ƙaiƙayi, suna warin bunsuru, kuma ba wanda zai ce maka ga abin da suka yi yau.

Alhamis, magariba

Babu komai a hantsar. Ɗaurin baibai.

Juma'a, bayan an sauko

Na ce bari in je da ƙafata. Na bari sai rana ta take, na yafa mayafi na bi bayan gidan Fatna na gangara. Ban kai ga ƙayoyin farko ba na ji fito daga kan tudun bola, wani ya amsa daga can nesa. Sai ga karnuka biyar sun tare hanya. Ba su cije ni ba, haushi kawai, in na yi dama su yi dama. Awaki suka watse ta ko'ina, yara suna bin su da gudu suna ihu kamar an ce gobara. Kyalla ko ƙeyarta ban gani ba. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai majina ta zo ta kama min mayafi tana kirana inna da Larabci wai, “Hala, akwai maciji a can, ki koma.”

Na koma da ƙaya a diddige. Ina cire ta ina zaginsu ɗaya bayan ɗaya har iyayensu.

Daga kan tudu na hango gine-ginen nan da aka fara aka bari a hayin kwari, ba rufi ba ƙofa. Ba mai zuwa can sai awaki. To amma gidan wa ke bakin hanya? Wa ke da jariri tana kukan nononta ya ƙafe? Fatna.

Asabar, da hantsi

Yau wata ɗaya ke nan cif rabon da in ji muryarsa. Ban ɗage gadonsa ba.

Shi ya raini Kyalla. Uwarta leda ta ci ta kumbura ta mutu, ta bar ta tana 'yar kwana shida. Na ce a bar ta ta bi uwarta, ya ƙi. Ya samo kwalba da kan roba yana ba ta, tana kwana a ƙarƙashin gadonsa, yana karatu tana cin gefen littafin. Ga shaidar haƙorinta nan a bangon wannan da nake rubutu a ciki. Shi ya sa ta tashi da taurin kai, ni kaina sai na matse ƙafarta da gwiwa take tsayawa.

Me ya kai ni rubuta wannan.

Lahadi, la'asar

Na yi wa Fatna tas a ƙofar gidanta, layi ya cika. Na ce ɓarauniya, mai shan madarar marayu, na ce in nononki ya ƙafe ki roƙa a ba ki. Ta fito da jariri a kafaɗa tana cewa, “Yaya Khadiga, ki rage murya, don Allah ki shigo ciki.” Na ce ba zan rage ba, a ji. Ta ce, “Akuyar da take harbin kowa, ta yaya zan tatse ta?” Na ce kya ɗaure ƙafarta mana, ai ɓarawo ba ya rasa dabara.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka. Ita ta yi min wankan jego na Mawahib. Ban damu ba, raina ya ɓaci kuma na ji daɗin zagin, wallahi na ji daɗinsa. Tun Sallah ban sami wanda zan daka wa tsawa ba sai yau.

Mawahib tana tsaye a bayan mutane ta toshe kunnuwa.

Litinin, da safe

Fatna ta yi sallama tun ban ɗora wuta ba, da kwanon madara a hannu. Ta ajiye ta ce, “Ni ce. Ni nake tatsa. Ki yafe min, kullum zan kawo miki kwano ɗaya, magana ta mutu a nan.” Tana faɗa tana kallon ƙasa.

Madarar saniya ce, ta kanti. Ni za a yi wa wasa da hankali? Jiya ba ke ba ce, yau ke ce, kuma ki biya ni da ta kanti kamar mai bara. Na ce ɗauki abinki. Na ce tun da kin amsa da bakinki, gobe a gaban lajna za ki maimaita. Ta kama hannuna biyu ta ce, “Don darajar Annabi kada ki je wurin Labaran.” Na fizge.

Tsoron kunya take ji. To ta ji.

Talata, azahar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi.

Na je. Ɗakin lajna a zauren gidan Labaran yake. Ya saurare ni yana rubuce-rubucensa, ko kai bai ɗaga ba, maganar akuya ce ta mata. Ni kuwa baki ya buɗe. Na ce kwana goma sha huɗu ana tatsarta. Na ce ana mayar da jakar a ɗaure a baibai. Na ce abin da ya fi ba ni haushi, akuyar nan ba ta tsaya wa kowa a duniya sai ni da 'yata da

Nan na tsaya, don ba na kiran sunan.

Labaran ya ajiye alƙalami. Ya cire gilashi. Sai ya yi min Hausa, Hausar da rabona da ji a bakinsa shekara tara, tatacciya irin ta Jazira. Ya ce, “Da wa, Khadiga?” Ya ce, “A baibai kika ce? Ɗaurin bahago ke nan.” Ya yi murmushi ya ce in je gida, lajna za ta kama min ɓarawona.

Shi ne ya taɓa buge hannun yaron a wurin walima don ya sa hagu a kwano.

Ban san yadda na iso gida ba. Na ja Mawahib cikin ɗaki na rufe, na ce ki dube ni. Ta dube ni, sai ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar da na doke ta.

Yana da rai. Ya Allah, yana da rai.

Kyalla ce ta gano shi. Mako ɗaya bayan Sallah ta ɓalle daga cikin awaki ta haye kwari tana kuka, yara suka bi ta, suka same shi kwance a ɗaya daga cikin gine-ginen nan, ƙafa a kumbure, waya ta yanke shi. Da ƙafa ya zo daga can, yana ɓuya. Bai iya shigowa layi ba don zauren Labaran na kallon ƙofarmu. Tun ranar madararta yake sha, da kisrar karya mai jego. Karnukan su ke kwana a bakin ginin. Yara goma sha uku sun sani. Fatna ta sani, ita ke aika ruwan gishiri da tsumma na wanke ciwon.

Na ce, ni fa? Ni da na haife shi? Na bi asibiti ina buɗe fuskokin 'ya'yan mutane, ke kina kallona?

Ta ce, “Ya sa mun rantse da Alƙur'ani. Ya ce in kin sani, fuskarki za ta gaya wa Labaran tun bakinki bai buɗe ba.”

Na ji haushinsa kamar in mutu. Na ji daɗi kamar in mutu. Ga shi ban sani ba ɗin ma na kai shi.

Laraba, da safe

Na ɗaure Kyalla a turke da igiya biyu. An ajiye wani mai rawani a bakin kantin kusurwa tun asuba, ba ya sayen komai, ƙofata yake kallo. Ba ni da halin fita ta yamma, wajen kwari.

Na shiga gidan Fatna ta katangar baya kamar ɓarauniya, ni da na kira ta haka. Ban iya ba ta haƙuri ba, bakina ya ƙi. Ita ma ba ta nema ba. Ta ce yara sun ɗauke shi jiya da yamma sun mayar da shi wani ramin da aka haƙi ƙasar bulo, can gaba, sun rufe bakin da ƙaya. Mijinta zai fitar da shi a kan keken jakinsa na ruwa ranar Juma'a lokacin da kowa ke masallaci, akwai mai lori da zai kai shi Jazira wurin kawunsa. Kwana biyu kawai.

Sai ta ce, “Akuyar nan a yanka ta yau. Inda duk aka kai shi za ta gano shi.”

Gaskiya ta faɗa, na sani.

Laraba, bayan azahar

Mijin Fatna ya shigo da wuƙa a cikin hannun riga. Mawahib ta gani, ta ruga ta rungume wuyan Kyalla ta zauna a ƙasa. Ba ihu, a hankali take magana don kada na bakin kanti ya ji. “Yumma, ita ta ciyar da shi. Yumma, da ba ita da ya mutu. Ki yanka ni tare da ita.” Akuyar tana lasar kunnenta.

Na ɗaga hannu zan mare ta, hannun ya ƙi sauka. Na ce wa mutumin ya mayar da wuƙarsa. Kwana biyu ne, tana ɗaure, ƙofa a rufe, me zai faru.

Tun safe take kuka ta juya fuska yamma. Ta hana ni madarar, ta harbe kwano sau biyu, hantsar ta yi tam. Na mayar da jakar na ƙyale ta. Kukan nan har zauren Labaran ana ji, na sani. La'ananniyar dabba, ki yi shiru mana.

Alhamis

Alhamis, ban san ƙarfe nawa ba

Da hantsi suka zo, Labaran da mutum uku a bayan boksi, motar a-kori-kura, biyu da kaki. Ya yi sallama da fara'a, har yana tambayar kasuwa. Ya ce, “Mun zo kama miki ɓarawon madara, kamar yadda kika kawo ƙara.” Da ƙarfi ya faɗa don layi ya ji cewa ni na kawo ƙara.

Na ce na janye, Fatna ce kuma mun shirya. Ya ce ƙara in ta shiga littafin lajna ba ta fita. Ya ciro wuƙa ya yanke igiya biyun. Mawahib ta maƙale a wuyan akuyar, ɗaya mai kakin ya ɓamɓare ta ya jefar gefe kamar buhu. Na kama rigar Labaran na ce ka tuna mijina, ka tuna kwanon da kuka ci tare. Ya ce da Larabci in sake shi.

Kyalla ta fita a guje.

Abin da yaran nan suka yi ba zan manta ba. Jibrin ya hau katanga ya yi fito, kowace ƙofa ta buɗe, aka saki awakin layi gaba ɗaya, har na layin baya. Suka cika hanya, yara a tsakiyarsu suna kora su gabas da kudu, ƙura ta tashi, motar ta kasa gaba. Karnukan kwari suka hauro suka kewaye ta suna haushi, har aka harbi ɗaya. 'Yar mai majinar nan ta kwanta a gaban taya. Duk awakin nan sun bi fito, sai guda ɗaya. Farin da ke gindinta ana hango shi daga ko'ina, ta miƙe yamma ko waiwaye babu. Labaran bai ko kalli sauran ba, ya sauka ya bi ta da ƙafa. Makiyayi ne.

Ni an tsare ni a ƙofa. Mawahib ce ta bi su, ita ta gaya min sauran. Ta ce da suka isa ramin sun same shi zaune, ya janye ƙayar da kansa, akuyar na tsaye a gabansa ya kwance jakar. Ya ce musu su dakata ya rage mata, ta cika tana jin ciwo. Suka tsaya kuwa, ban san dalili ba. Ya tatse ta a ƙasa. Ya mayar da jakar ya ɗaure, ya ce wa Mawahib ta kai ta gida, ta gaishe ni.

Ta layinmu suka fito da shi, a bayan boksi, a zaune, ƙafar a miƙe an naɗe da ɗankwalin Mawahib. Ya rame, gashi ya cika masa kai. Ya gan ni ya sunkuyar da kai yadda ya saba, don ba ma haɗa ido a gaban mutane.

Na kira sunansa. A gaban Labaran, a gaban maza, a gaban layi duka, na buɗe murya na kira, na sake kira, ina bin motar ba mayafi. Ya ɗago a firgice yana neman mai kiran, don bai san yadda sunan yake a bakina ba.

Juma'a, lokacin salla

Mijin Fatna ya wuce da keken jakinsa, ganga cike da ruwa.

Asabar, la'asar

Na je wurare uku. Kowa ya ce ba a nan ba. A na ukun na faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, na ce ɗana ne, ɗan fari. Mai rubutu ya ce in dawo bayan mako biyu.

Ba mai gaishe ni a layi. Yaran in sun hango ni sai su tsallaka ɗaya gefen. Sun binne karen a kwari, an ce har da jera duwatsu. Fatna kaɗai ta turo tuwo, na kasa ci, na kasa mayarwa.

Labaran ya aiko da katin sukarina, wai an sabunta.

Lahadi, da safe

Na fito na tarar da Mawahib tana jifan Kyalla da duwatsu a turke, tana jifa tana cewa da Larabci, ke kika kai su, ke kika kai su. Akuyar ba ta gudu ba, tana ta matsowa wurinta iyakar igiya. Da duwatsun suka ƙare sai ta shiga dukan kanta da hannu, wai da ta bari an yanka.

Na riƙe hannayen. Na ce ba ke ba ce, ba akuya ba ce. Ita wurin wanda ya raine ta ta je, ba ta san lajna ba. Ni na sani, kuma na je da ƙafata, an roƙe ni don darajar Annabi na fizge hannu. In za ki jefi wani, ga ni.

Ba ta jefe ni ba. Can da hantsi na ji fiton Jibrin a waje, ta tashi ta kwance igiyar, suka fita tare.

Lahadi, bayan magariba

Sun dawo. Mawahib ta ce tun safe Kyalla tana bakin ramin, ta ƙi kiwo.

Tun Alhamis ban taɓa jakar ba, ɗanta yana ta zagaye ta yana kuka, hantsar ta kumbura har tana tafiya a tale. Dole a tatse ta. Na tsuguna na kai hannu ga igiyar, ɗaurin yana nan a baibai, ya ja shi sosai yadda yake yi.

Na aiki Mawahib ta kawo almakashi. Na yanke jakar ta ƙasa, na zare igiyar ta bayan akuyar ba tare da na kwance ba. Mawahib ta riƙe mata kai, ta tsaya, ba ta harba ba. Kwano ya cika har ya zuba, ba wanda ya sha.

Igiyar tana cikin littafin nan.

Ibrahimu. Ibrahimu. Ibrahimu.